SUFURIN JAMA'A: SHIRIN SHEKARU YANA BUKATAR ASUSUN GYARA

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san wahalar neman mota a ƙauye. Garuruwa da yawa ba su ganin mota sai ranar kasuwa. In haihuwa ta zo da gardama cikin dare, sai a ɗaura amalanke a nufi likita. In damana ta yi ƙarfi, gulbi ya kawo, hanya ta yanke, buhunan albasa su yi kwanaki bakin hanya suna ruɓewa.

Ƙasarmu faɗi gare ta: murabba'in kilomita 1.267.000, kuma ba ta da bakin teku. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Daga Yamai zuwa tashar jirgin ruwa ta Kotonu, fiye da 1.000. Ƙasa irin wagga, sufurinta yana son shiri na shekara ashirin ko talatin, wanda za a san abin da za a fara, da abin da zai biyo baya, da inda kuɗi za su fito.

ABIN DA JIRGIN ƘASA YA KOYA MANA

Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Kotonu ta iso Paraku a 1936, bayan kilomita 438, nan ta tsaya. A 1959 Nijar da Dahome sunka kafa hukuma guda don gudanar da ita, amma dogo bai ƙetaro kogin Kwara ba. Shekara da shekaru, kayanmu sai a sauke su Paraku a ɗora wa manyan motoci.

A 2014 anka fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, anka yi bikinsa a farkon 2016. To, amma tsakanin Doso da Paraku ba a haɗa ba. Dogon da bai kai teku ba, ɗan kasuwa ba ya ba shi kaya.

A watan Fabrairu na 2021 Nijeriya ta aza harsashin wani dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, kilomita 284. Faɗin wanga dogo mita 1,435 ne, na Yamai zuwa Doso kuwa mita 1 ne. Jirgin ɗaya ba ya hawa ɗayan. Kun ga amfanin shawara tun kafin a sa ƙarfe ƙasa.

GINA HANYA DABAN, RIƘONTA DABAN

Bayan mulkin kai gwamnati ta kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, a 1963, don ɗaukar kaya da mutane. Anka shimfiɗa kwalta daga Yamai zuwa gabas har N'Gigmi. Hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, fiye da kilomita 600, an gama ta wajen 1980, lokacin da ƙarfen uraniyum yake da daraja. Da farashinsa ya faɗi, kuɗin gyara sunka yi ƙaranci, hanyar ta cika da ramu, tafiyar yini ta koma ta kwana.

Masu ba da bashi na ƙasashen waje sun fi son gina sabuwar hanya. Cike rami, da yashe magudanar ruwa, da kwashe rairayin da iska ta tara, wannan aikinmu ne, kuma na kowace shekara ne. Rumbun da ba a yaɓe ba kafin damana, sai an sake gina shi. Haka hanya take.

Abin da ya fi kashe kwalta shi ne lodi fiye da ƙa'ida. Masana aikin hanya sun auna cewa in an ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan kai kusan ninki 16. Shi ya sa ƙasashen UEMOA sunka yi doka a 2005, sunka tsaida tan 11,5 ga gatari guda na baya.

INA KUƊIN ZA SU FITO?

Ƙofofi huɗu ne: kasafin kuɗin gwamnati, da bashi ko taimakon waje, da harajin da ake ɗorawa kan esansi da gazuwal, da kuɗin da direba yake biya a shingen hanya. Kasafi yana hawa yana sauka; in fari ya zo, abinci ne gaba. Bashi kuwa sai an biya, ɗiyanmu ne za su biya. Saboda haka ne a 1999 anka kafa asusu na musamman, CAFER, don kuɗin gyaran hanya su zauna wuri guda, kada a taɓa su don wata bukata. In irin wanga asusu ya samu abin da anka yanka masa kowace shekara, shiri ya tsaya da ƙafarsa.

RABON ƘAUYE

Yau manyan motocin kamfanoni masu zaman kansu suna haɗa biranenmu kullum. Amma ɗan kasuwa inda riba take yake bi. Ƙauyen da ke nesa da kwalta ya rage da amalanke da kabu-kabu. Dole shirin ƙasa ya lissafa shi: hanyar jan ƙasa mai ɗaukar damana, da gada a bakin gulbi, da motar da aka san ranar zuwanta.

Mu ma muna da namu aikin. Direba ya biya kuɗin shinge ya karɓi takardarsa, don kuɗin su shiga asusu. In an rufe hanyar jan ƙasa bayan ruwa, a yi haƙuri ta sha iska. Kada a yi noma har bakin hanya, kada a toshe magudana. Mai gari da ƴan majalisar gunduma su rubuta hanyoyin da sunka fi damun jama'a, su kai gaban hukuma tun ana shirin kasafi, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah shi ba mu damana mai albarka da hanya mai lafiya.