Dilip Kumar, ɗan mai saida ƴaƴan itace

Sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan. An haife shi cikin 1922 a Peshawar, garin da ke cikin Pakistan yanzu. Ubansa ɗan kasuwa ne mai saida ƴaƴan itace, yana ganin wasan sinima aikin ƴan iska ne. Don tsoron tsohon, da yaron ya soma wasa a Bombai cikin 1944, sai ya ɗauki sunan Dilip Kumar.

Wasan baƙin ciki ya fi iyawa. Yana sa ransa ciki ƙwarai, har damuwa ta kama shi. Wani likita a Ingila ya ba shi shawara ya riƙa wasan raha.

Fim ɗinsa da ya fi dacewa manomi ya gani shi ne Naya Daur, na 1957. Ya fito mai keken doki. Ɗan mai kuɗi ya kawo motar haya ƙauye, abincin masu doki zai yanke. Aka ƙulla tsere. Mutanen gari, maza da mata, suka taru suka yi sabuwar hanya da hannunsu. Doki ya riga mota isa.

Ya rasu cikin 2021, yana da shekara 98.