Yadda Ake Lura Da Motsin Gindin Teku A Ƙasar Japan

Ɓawon duniyar nan ba dunƙulalle ɗaya ba ne. A tsattsage yake, manyan alluna ne na dutse masu tafiya sannu a hankali. A wasu wurare allo ɗaya yakan kutsa ƙarƙashin ɗan'uwansa ya nitse cikin ƙasa, kuma a irin waɗannan mahaɗai ne ake samun girgizar ƙasa mafi tsanani. Nijeriya ba ta kan irin wannan mahaɗa, amma Japan a bakinta take zaune. Gabas da ita, allon Tekun Fasifik yana shigewa ƙarƙashinta da misalin santimita 8 a shekara.

Shigewar ba ta tafiya salin alin. Allunan biyu sukan cije da juna, na sama ya yi ta lanƙwasa shekara da shekaru kamar bakan da aka ɗana. Ran da cizon ya saki, gindin teku ya zabura, ya ɗaga ruwan da ke bisansa, sai a sami muguwar igiyar nan da Japanawa ke kira tsunami.

Wahalar ita ce, mahaɗar tana can ƙarƙashin ruwa, nesa da gaɓa, kuma saƙon taurarin ɗan'adam da ake auna motsin tudu da shi ba ya ratsa ruwa. Saboda haka masana suka koma ga sauti. Akan kafa na'urori a gindin teku, jirgin ruwa ya zo ta bisansu, ya san matsayinsa daga taurarin, sa'an nan ya aika da ƙara zuwa ƙasa, na'urorin su amsa. Daga lokacin da amsar ta ɗauka ake lissafa inda suke. Aikin yana son haƙuri ƙwarai, domin gudun sauti a ruwa, watau wajen mita 1,500 a daƙiƙa, yana sauyawa da ɗumin ruwan da gishirinsa, alhali abin da ake nema 'yan santimitoci ne kurum.

Amfanin wannan ya bayyana ranar 11 ga Maris, 2011, sa'ad da girgiza mai ƙarfin maki 9 ta auku a arewa maso gabashin Japan. Wata na'urar hukumar tsaron gaɓar ƙasar ta nuna gindin teku ya gusa mita 24, ya kuma tashi mita 3. Amma wannan awo sai bayan aukuwar abin aka same shi. Gargaɗin farko na ranar ya ce igiyar za ta kai mita 6 a lardin Miyagi, ga shi kuwa ta ɗara haka nesa. Mutum kusan 18,000 suka mutu ko suka ɓace.

Wannan hasara ce ta sa aka shimfiɗa S-net, wayar ƙarƙashin teku mai tsawon fiye da kilomita 5,000, ɗauke da tashoshi 150. Kowace tasha tana jin girgiza, tana kuma auna nauyin ruwan da ke kanta, ta aika da labari tudu nan take. Lalle ba ta iya faɗin ranar da girgiza za ta zo, kuma babu na'urar da ta iya. Abin da take bayarwa shi ne ƙarin 'yan daƙiƙu kafin girgiza ta iso tudu, da ƙarin mintoci kafin igiya, gwargwadon a tsai da jirgin ƙasa, mutane su hau tudu.

A kudu kuma akwai kwarin Nankai, wanda ya yi manyan girgiza a 1944 da 1946. Awon sautin da aka bayyana sakamakonsa a 2016 ya nuna sassan da allunan suka fi cijewa a wurin.