Firintar 3D Ba Za Ta Rufe Ƙofar Ruwa Ba

Tun da gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, kayan gyaran mota da na babur suka yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa bidiyoyin da ke nuna wata 'yar na'ura tana fitar da kayan mota a ɗakin wani saurayi suke samun karɓuwa a TikTok da Facebook. Masu yaɗa su har cewa suke yi kwanan masu sayar da kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya ƙare, kowa zai riƙa buga sifiyarsa a gida. Zancen ya wuce gona da iri, kuma yana ɗauke hankali daga inda amfanin na'urar yake.

Aikinta ba wani sihiri ba ne. Mutum zai zana abin da yake so a kwamfuta da manhaja irin su FreeCAD, wadda kyauta ce, ko Fusion 360 ta kamfanin Autodesk. Firintar sai ta narka zaren roba a zafin da ya kai digiri 200, tana shimfiɗa shi sala bisa sala har siffar ta tashi. Scott Crump ne ya ƙirƙiro wannan dabara a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, kuma sai da haƙƙin mallakarta ya ƙare a 2009 farashin injinan ya faɗo har talaka ya iya taɓawa. A 2013 wani ɗan Togo, Afate Gnikou, ya harhaɗa tasa a Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

To amma roba roba ce. Wadda aka fi bugawa da ita, PLA, tana fara laushi a wajen digiri 60, alhali motar da aka ajiye a rana a kasuwar Wudil cikin watan Afrilu gabanta na iya wuce haka. Akwai masu juriya, irin su ABS da ASA da nailan, sai dai sun fi wuyar sarrafawa, wasunsu kuma sun fi tsada. Ban da haka, abin da aka buga yakan rabe ta tsakanin sala da sala idan ya sha nauyi. Duk wanda ya buga wani ɓangare na birki ko sitiyari ya ɗaura wa motar haya, ganganci ya yi da rayukan fasinja. Ga kuma wuta: bugu ɗaya na iya cin awa shida ko fiye, idan aka ɗauke a tsakiya aiki na iya lalacewa, don haka sai da sola da batir.

Inda ta yi fice shi ne ƙananan kayan da ba su ɗaukar nauyi, kuma an daina kawo su: maƙalan bamba, hannun buɗe ƙofa na ciki, maɓallin fanka, gidan madubi. Mercedes-Benz ta fara buga wa manyan motocinta irin waɗannan kayan roba a 2016. Porsche ta bi sahu da kayan tsofaffin motocinta a 2018, sai dai na ƙarfen da injinan lesa take buga su, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin gareji. Ga bakanike a Indabo da ke ƙaramar hukumar Wudil, wanda idan ya rasa ɗan ƙaramin abu a Wudil sai ya ƙara tafiyar wajen kilomita 40 zuwa Kano, wannan ma ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai masu murnar sun manta da wani mutum, kuma shi ne ya kamata a fara tunawa: maƙeri.

Ƙasar Kano da ƙira aka san ta tun fil azal. Tarihin baka na Abagayawa ya ce kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya, maƙwabciyar Wudil, yana neman tama har ya sauka a gindin Dala. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da ƙarfe a wajen tun ƙarni na 7. Sana'ar ta rabu biyu, maƙeran baƙi masu garma da fartanya da gatari, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Da tama ta ja baya, tarkacen mota da na jirgin ƙasa suka maye gurbinta, maƙeran ba su zauna ba. Philip Jaggar ya rubuta littafi guda a 1994 kan yadda maƙeran birnin Kano suka sauya salo a ƙarni na 20. Yau masu zubi na narka tsohon fistin da murfin inji su zuba a cikin yashi, su fitar da tukunya da ludayi.

A nan ne firintar ta dace. Mai zubi ba ya iya zuba abin da ba shi da samfurinsa. Sai ya danna samfurin cikin yashi ya bar gurbi, sannan ya kwarara narkakken alminiyam. Idan asalin kayan ya karye ko ya cinye, zubin ma haka zai fito. Ɗalibin da ya iya awo da zane zai iya buga samfurin da roba daidai da ma'auni, har ya ƙara masa ɗan girma saboda alminiyam na tsukewa da kusan kashi 1 cikin 100 idan ya huce. Mai zubi ya zuba, mai injin fiƙe ƙarfe ya gyara baki ya huda ramukan noti. Ta haka za a samu murfi ko maƙalin ƙarfe da zafin rana bai dame shi ba. Manyan masana'antun zubi na duniya sun daɗe suna yin haka.

Abin takaicin shi ne duk waɗannan mutane suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001 kuma a da ake kiranta KUST, tana Wudil, kuma tana koyar da injiniyancin kanikanci. Kanikawa da masu walda da maƙera suna bakin titi. A ƙasar nan dai an saba ganin ɗalibin injiniya ya zana abin da bai taɓa riƙewa ba, maƙeri kuma ya ƙera abin da bai taɓa zanawa ba, kowa na raina ɗan'uwansa. Kaduna ta nuna ana iya haɗa su, domin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta can, a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Panteka don a tantance ƙwarewarsu a ba su takardar shaida. Arewa ma ba baƙuwar zanen mota ba ce: Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana siffar Chevrolet Volt ta gwaji a General Motors, kafin a naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a 2017.

Me ya hana jami'ar da ƙaramar hukumar Wudil su ware ɗaki ɗaya, da firinta biyu da sola da ma'aunin awo, su buɗe shi ranar Juma'a da ake cin kasuwa? Bakaniken Indabo ya zo da karyayyen kayansa a leda, ɗalibin ajin ƙarshe ya auna ya zana, a lissafa masa hakan cikin aikin kammala karatu. Kowane zane a adana shi, ta yadda na gaba da ya zo da matsala iri ɗaya a kan babur ɗin Boxer ko A Daidaita Sahu ba sai an sake awo ba. Sharaɗi ɗaya ne ba za a sassauta ba: duk abin da ya shafi birki, sitiyari ko ƙafa, a mayar da mai shi Ƙofar Ruwa ya sayi na kamfani.