Na'urar Nuna Hanya a Kan Babur: Yadda Za a Zaɓa da Yadda Za a Ɗaura

Abin da ya sa na rubuta wannan bayani shi ne, da yawa daga cikin matasanmu a nan Ingila sun kama sana'ar kai abinci da saƙo a kan babur, wasu kuma da shi suke zuwa aiki don gudun cunkoso. A bara wani ɗan abokina, wanda bai daɗe da zuwa ba, ya bi umarnin na'urarsa har ta hau da shi babban titin da ake kira motowe, alhali takardarsa ta ɗan koyo ce. Allah ya kiyaye ya sauka lafiya. Ni injiniya ne, na kuma daɗe ina hawan babur, saboda haka na ga ya dace in faɗi abin da na sani.

Yadda take aiki

GPS tsari ne na gwamnatin Amurka, mai taurarin ɗan adam aƙalla 24 da ke kewaya duniya sau biyu a rana, a nisan kilomita kusan 20,200. Kowane tauraro yana aiko da saƙon rediyo mai cewa ga inda nake, ga kuma lokaci. Na'urarka takan auna tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa. Idan ta ji taurari huɗu, to ta san inda kake. Kafin watan Mayu na 2000 Amurka tana gurɓata saƙon da gangan, har kuskure ya kan kai mita 100. Bayan an daina, sai ya koma 'yan mitoci kaɗan. Yanzu akwai kuma Galileo na Tarayyar Turai, da GLONASS na Rasha, da BeiDou na Sin, kuma na'urori da yawa suna sauraron fiye da tsari ɗaya.

Amma a tsakiyar gari dogayen benaye sukan tare saƙon ko su karkatar da shi, sai na'ura ta ɗauka kana kan titin da ke maƙwabtaka. Don haka idan ita da alamar titi suka saɓa, alamar titi za ka bi.

Wacce za a saya?

Hanya biyu ce. Ko dai wayar hannu, ko na'urar da aka ƙera musamman don babur, irin su zūmo na kamfanin Garmin. Kada ka ɗauko ta mota ka ɗaura, domin ba a yi ta don ruwan sama ba. Ga abubuwan da za ka duba:

Na ɗaya, ruwa. Nemi alamar IPX7 a jikin kwali. Ma'anarta na'urar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Wanda ya san daminar ƙasar nan da ba ta da lokaci ya san amfanin wannan.

Na biyu, safar hannu. Ka je kanti da safarka ta hawa babur, ka gwada taɓa fuskar na'urar da ita. Wadda sai ka tuɓe safa kafin ta amsa, ba ta babur ba ce.

Na uku, haske. Fuskar ta zama ana iya karanta ta cikin rana.

Na huɗu, murya. Ta iya aika umarni ta Bluetooth zuwa abin sauraro da ke cikin hular kwano. A ganina wannan ya fi sauran muhimmanci, ga kuma dalili: mai tafiyar mil 30 a awa yana cin mita 13 da 'yan kai a kowace daƙiƙa. Kallon na'ura na daƙiƙa biyu, ka yi tafiyar kusan mita 27 ke nan ba ka ga titi ba. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, kai kuwa jikinka ne kawai.

Wayar hannu ta fi araha, kuma mai kai abinci ba shi da makawa sai da ita. Sai dai a sani, a 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa jijjigar injin babban babur tana iya lalata kyamarar iPhone, ya kuma ba masu ƙananan babura shawarar amfani da mariƙi mai rage jijjiga. Ana sayar da irinsa mai roba a tsakiya. Kuɗinsa bai kai na gyaran kyamara ba.

Ɗaurawa

Fara da auna kaurin kan babur, wato ƙarfen da kake riƙewa. Yawanci milimita 22 ne, wasu 25.4, wasu kuma 28.6 a tsakiya. Sayi mariƙi daidai da naka. Idan duk an rufe kan da roba, kamar na sikuta, akwai mariƙin da ake ɗaurawa a gindin madubi.

Ka hau babur ɗin, ka sa hular kwano, sannan ka zaɓi wuri. A sa na'urar sama-sama kusa da tsakiya, inda za ka gan ta da ɗan saukar da ido ba tare da sunkuyar da kai ba. Kada ta rufe agogon gudu ko fitilun gargaɗi. Kafin ka ɗaure noti, juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, ka tabbata ba ta bugi tanki ko gilashin gaba ba, ba ta kuma danne wayar birki, kuloci ko totur ba. Bayan mako guda ka sake duba notin, domin jijjiga tana sassauta su.

Haɗa wuta

Nan ne na taɓa yin kuskure, duk da karatun da nake tinƙaho da shi. Na haɗa cajar USB kai tsaye da batir, na bar babur a ajiye wajen mako uku cikin hunturu. Ranar da na tashi fita, inji ko tari bai yi ba. Irin wannan caja tana shan wuta kaɗan-kaɗan ko da ba a cusa mata komai ba, batirin babur kuwa ƙarami ne, sanyi kuma yana rage masa ƙarfi.

Abin da ya dace shi ne a ɗauko wuta daga layin da ke mutuwa idan an kashe makulli. Babura da yawa suna da soket da aka tanada don haka, a ƙarƙashin kujera ko bayan fitilar gaba, sai a duba littafin babur. A sa fis kusa da inda aka ɗauko wutar, daidai girman da takardar na'ura ta faɗa. Lokacin aiki a fara cire wayar batir mai alamar ragi, ita ce kuma ta ƙarshen mayarwa. A bi da waya jikin ƙarfen babur, nesa da inji da salansa, a bar mata ɗan sararawa a wuya inda kai ke juyawa. Baburan zamani masu kwamfuta ba sa son a yanka musu waya. Idan naka irinsu ne, kai wa makanike.

Doka

Tun 25 ga Maris 2022, riƙe waya ko na'ura a hannu kana kan tuƙi laifi ne a Ingila kusan ko me kake yi da ita, ko da ka tsaya ne a danja. Hukuncin shi ne tarar fam 200 da maki 6 a lasisi, kuma wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki 6 sun isa a soke lasisinsa. Tana cikin mariƙi ba laifi, matuƙar ba ta tare maka gani ba, amma 'yan sanda na iya kama ka idan suka ga ta ɗauke maka hankali. Mazauna wasu ƙasashe sai su binciki dokar wurinsu.

Mai takardar CBT da alamar L kuma, doka ta hana shi hawa motowe. Na'ura ba ta san wace takarda ke aljihunka ba. Ka shiga saitinta ka zaɓi kauce wa motowe tun kafin ka bar gida.

Iyaye, idan ɗanku yana wannan sana'a, ku zauna da shi ku duba waɗannan abubuwa tare. Ya shigar da adireshi yana tsaye, ya bi murya, idan ya ɓata ya sami wuri ya faka kafin ya taɓa ta.

Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, amin. Wassalam.