Wa Ya Koya wa Ɓera Shirin Haihuwa?

Na tabbata da yawa daga cikinku kun taɓa buɗe adaka kuka tarar ɓera ya yi wa zane kaca-kaca. To, sau da yawa macen ce mai ciki, tana tara tsummoki don ta shirya wa 'ya'yanta makwanci.

Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne. 'Ya'yan kan zo ba gashi, ido a rufe, ba sa iya ɗumama jikinsu. In makwancin bai yi kauri ba, sanyi ya kashe su. Shi ya sa tun cikin yana ƙarami uwar ke fara gini.

Wa ya gaya mata lokaci ya yi? Masana kimiyya sun gano cewa wani sinadari ne mai suna furojestaron, wanda kan yawaita a jinin mai ciki. Ko wadda ba ta da ciki, in aka ba ta shi, sai ta shiga tara auduga.

Akwai kuma gado. A shekarar 1999, masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka lalata wata ƙwayar gado mai suna Peg3 a jikin ɓeraye. Da matan suka haihu, sai suka yi ta nawa wajen gyara makwanci da tattara 'ya'ya, har yawancin 'ya'yan suka mutu. Abin mamaki, wadda mace ta gada daga ubanta ita ce mai aiki, ta wajen uwa a kwance take.

Amma gado bai hana koyo ba. A 2021, a birnin Niyok na Amurka, aka haɗa 'yanmatan ɓeraye da masu jego. Sai aka ga uwa tana kora budurwa cikin makwanci, har budurwar ta iya ɗauko jinjirin da ya fita.

Mutum dai ba ɓera ba ne, amma akwai abin lura. Reno ba daga hali kaɗai yake fitowa ba, jiki ma yana da nasa hannu. Idan kika ga mai haihuwar fari ta kasa sakewa da jaririnta, ta yi shiru, tana yawan kuka, kada ki yi mata gori. Ki zauna ki nuna mata, kamar yadda iyayenmu ke yi wa mai goyon ciki. In abin ya ƙi wucewa, a kai ta asibiti.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙa lura da hannun iyayenku. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.