Alamar Jam'iyya: Hoton da Ke Neman Ƙuri'a

A takardar ƙuri'ar Najeriya ba a buga sunan ɗan takara, ba a buga fuskarsa. Abin da mai zaɓe ke tararwa shi ne alamar jam'iyya da gajeren sunanta, a gefensu kuma yake dangwala yatsa. Saboda haka duk alkawarin da aka kwashe watanni ana yi a bainar jama'a, a ranar zaɓe ɗan ƙaramin zane ne ke ɗauke da shi.

A zaɓen 1959 ma alama ce ke wakiltar jam'iyya, lokacin da masu karatun boko ba su da yawa. NPC ta su Sardauna ta riƙi fartanya, NEPU ta Malam Aminu Kano ta riƙi tauraro, NCNC kuma zakara. Fartanya ba ta buƙatar tafinta a ƙasar da kusan kowane gida ke noma. Ganinta kaɗai ya gaya wa manomi cewa jam'iyyar tasa ce. A 1979 NPN ta fito da gida da masara, wato muhalli da abinci, PRP kuwa ta ɗaga mabuɗi, ta bar wa talaka ya raya a ransa ƙofar da aka daɗe da kulle masa.

Ƙarfin irin wannan hoto daga aro yake zuwa. Mai zane ba ya ƙirƙiro ma'ana, wadda mutane suka riga suka sani yake jawowa. Lemar da PDP ta ɗauka a 1998 inuwa ce ga wanda rana ta doka, a ƙasar Hausa kuma a kan sarki ake buɗe ta ranar hawa. Tsintsiyar APC, wadda ta gada daga ACN a haɗakar 2013, aiki biyu ta yi: ta yi alkawarin share dauɗa, ta kuma tuna wa Bahaushe maganar nan ta tsintsiya maɗaurinki ɗaya, daidai lokacin da jam'iyyu suka dunƙule.

Sai dai hoto yana da wata illa da ta cancanci kulawa. Magana ana iya ƙaryata ta, a nemi hujja, a kamo mai ita da abin da ya faɗa. Tsintsiya ba ta faɗi ranar da za a gama shara ba, lema ba ta ambaci wanda zai shiga inuwarta ba. Kowa yana cike gurbin da muradinsa.

Daga takarda alamar ta sauko jikin mutane: atamfar kamfe, tsintsiyoyin da ake ɗagawa a filin taro, da jar hular Kwankwasiyya, wadda a Kano ke bayyana ɓangaren mutum tun kafin ya yi sallama.