Zaɓen ƙaramin linzamin wasan kwamfuta maras waya: abin da ya kamata masu saye a Tasawa da Mayahi su duba

Matashin da ya tara kuɗinsa a Tasawa ko Mayahi don sayen linzamin kwamfuta, wanda aka fi sani da “suri”, ba ya da damar canja kayan cikin sauƙi idan bai dace ba. Mayahi na da nisan kusan kilomita 90 daga Maraɗi, Tasawa kuma kimanin 120, sannan irin waɗannan kaya galibi daga kasuwar Maraɗi ko daga Kano ake kawo su. Shi ya sa sanin abin da za a duba kafin a miƙa kuɗi ya fi dogon ciniki amfani.

Abu na farko shi ne hanyar da linzamin yake magana da kwamfuta. Akwai mai amfani da Bluetooth, akwai kuma mai ƙaramin makulli da ake cusawa a ramin USB, wanda ke aiki a kan zangon 2.4 GHz. Linzamin wasa mai makulli yakan aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa ɗaya, na Bluetooth kuwa yawanci sau 125 ne. Ga mai rubutu a ofis bambancin ba kome ba ne, amma a wasan harbi irin Counter-Strike, inda saurin hannu ke raba gardama, jinkirin yana bayyana. Mai son wasa sai ya nemi mai makulli. Ya kuma tabbatar makullin na cikin kwali, domin idan ya ɓata, linzamin da ba ya da Bluetooth ya zama hoto, kuma samun madadinsa a waɗannan garuruwa da wuya.

Na biyu shi ne batun wuta. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana samun wuta daga Najeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ko ba wannan ba, duk mai hulɗa da NIGELEC ya san yadda wuta ke ɗaukewa a lokacin bazara. Don haka linzamin da ake sa ma pil na AA ko AAA, irin wanda ake samu a kowane shago, ya fi dacewa da nan. Kamfanin Logitech ya ce samfurinsa G305, wanda ya fito a 2018, yana kai awa 250 da pil ɗaya na AA. Razer Orochi V2 na 2021 yana karɓar AA ko AAA, kuma yana da Bluetooth da makulli duka. Mai batir na ciki da ake yi ma caji ya fi sauƙin nauyi, sai dai zafin watan Afrilu da Mayu, da kan wuce digiri 40, yana gajarta rayuwar batirin, kuma canja shi ba aikin kowa ba ne.

Na uku shi ne girman hannu. Ana auna tafin hannu daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. Wanda nasa bai kai santimita 17 ba, ƙaramin linzami ne zai yi masa daɗi. Orochi V2 na da tsawon kusan santimita 11, G305 ya ɗan ɗara shi, nauyinsa gram 99 tare da pil. Wanda ke riƙewa da kan yatsu zai ji daɗin gajere, mai kwantar da tafin hannu gaba ɗaya kuwa gajere zai gajiyar da wuyan hannunsa bayan ƴan awoyi.

Lambar DPI da ake bugawa da manyan haruffa a kwali ba ita ce ma'aunin inganci ba. Ita dai tana nuna yawan tafiyar kibiya a allo idan hannu ya motsa. G305 na kai 12,000, amma ƴan wasa da yawa tsakanin 400 da 1600 suke tsayawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne idon da ke ƙarƙashin linzamin ya bi hannu daidai, ba tsalle, ba tsayawa, ko da an ja shi da sauri.

Akwai kuma ƙura. Wasu linzaman an huda bayansu kamar saƙar zuma don rage nauyi. A ƙasa mai rairayi da hunturu, waɗannan ramuka ƙofa ce ga ƙura, kuma maɓallai ne ke fara lalacewa, danna ɗaya ya koma biyu. Rufaffen baya ya fi ƙarko, tare da shimfiɗar linzami da ake kakkaɓewa kullum.

Game da jabu, kwali mai kyau ba shaida ba ne. Mai saye ya nemi a gwada kayan a gabansa, ya danna kowane maɓalli, ya juya ƙaramar tayar tsakiya, ya kwatanta lambar da ke jikin linzamin da ta kwali. Idan da intanet, manhajar kamfanin, G HUB ta Logitech ko Synapse ta Razer, tana gane na asali, jabu kuwa yawanci ba ta ganinsa. Wanda zai aika a sayo masa daga Kano ya roƙi a yi wannan gwajin a can, a turo masa bidiyo ta WhatsApp kafin a ɗora kayan a mota.